Fanshon malami a Rimin Gado: haƙƙin da ya kamata mai shi ya san adadinsa

Malamin firamare a Rimin Gado mutum ne mai riƙe da lissafi a ka. Ya san kwano nawa na gero gidansa ke ci a mako, ya san buhun taki nawa gonarsa za ta ɗauka, ya san abin da zai rage a albashi bayan an zuba adashi, an biya mai shago, an ware kuɗin man babur. Shi ne kuma yake tsayawa gaban allo yana koya wa yara yadda ake fitar da kaso cikin ɗari. Amma tambaye shi nawa zai karɓa na garatuti ranar da ya yi ritaya, nawa kuma zai riƙa samu duk wata na fansho, amsar da za ka fi ji ita ce: "Sai abin da suka lissafa."

Wannan amsa ita ce ta sa ni wannan rubutu. Mutumin da ya yi shekaru ana cire masa kuɗi daga albashi duk wata bai kamata ya jira ranar sallama kafin ya ji adadin haƙƙinsa ba. Fansho albashi ne da aka jinkirta biyansa, guminsa ne da aka ajiye masa, kuma mai ajiya yana da ikon sanin nawa ke hannun wanda ya ba wa amana. Lissafin ba shi da wuya. Abin da ya sa ya zama kamar gaibu shi ne an bar shi a ofis, ba a kawo shi ɗakin malamai ba. Kuma duk lissafin da ya tsaya a kan abin da doka ta rubuta, bai saka jinkirin biya da tsadar rayuwa ba, rabin gaskiya ne.

Wane tsari malamin yake ciki?

Kafin a ɗauki biro, sai an san gidan da ake. A Najeriya tsarin fansho iri biyu ne manya, kuma ruɗanin da ke tsakaninsu ya sa malamai da yawa suna lissafi da ƙa'idar da ba tasu ba.

Na farko shi ne tsarin da Gwamnatin Tarayya ta kawo da dokar gyaran fansho ta 2004, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, aka sake dokar a 2014 zamanin Shugaba Goodluck Jonathan. A nan kowane ma'aikaci yana da asusunsa na kansa a hannun kamfanin kula da fansho, ƙarƙashin sa-idon hukumar PenCom. Da farko ma'aikaci da mai aiki kowa yana zuba kashi 7.5 cikin 100. Tun 2014 ma'aikaci yana zuba kashi 8, mai aiki kashi 10. Abin da mutum zai samu a ƙarshe shi ne abin da ya taru a asusunsa da ribar da aka juya. Babu wanda ya yi masa alkawarin adadi. Malamin makarantar Gwamnatin Tarayya a nan yake.

Na biyu shi ne wanda Jihar Kano ta zaɓa da dokarta ta fansho da garatuti ta 2006, zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, wanda shi kansa malamin makaranta ne kafin siyasa. A nan ma ana zuba kuɗi duk wata, dokar 2006 ta tsara kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 17 daga gwamnati, jimilla kashi 25, amma kuɗin ba sa shiga asusun mutum ɗaya. Suna taruwa ne a asusu guda a hannun Hukumar Amintattun Asusun Fansho ta Jihar Kano. Abin da mai ritaya zai karɓa kuwa ba a auna shi da abin da ya zuba; ana auna shi da shekarun da ya yi yana aiki da albashinsa na ƙarshe. Malamin firamare a Gulu ko Butu-Butu ko Yalwan Danziyal, wanda ke ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da SUBEB, a wannan tsari yake, haka ma abokin aikinsa na sakandaren jiha.

Asusun nan kamar rumbun gandu yake: kowa yana zuba nasa damin, ana ɗebo wa wanda lokacinsa ya yi. Idan kowa ya zuba a kan kari, mai riƙe da mabuɗi kuma ya tsare amana, ba wanda zai kwana da yunwa. Idan wani babban mai zubi ya daina kawowa, ko aka ɗebi hatsin aka kai wani wuri, wanda zai fara ji a jikinsa shi ne tsohon da ya zo karɓa yau. Wannan shi ne ƙarfin tsarin, shi ne kuma rauninsa.

Lambobi uku da ke yanke hukunci

A tsarin da ake aunawa da shekaru da albashin ƙarshe, abu uku ne kawai ake bukata: shekarun aiki da aka amince da su, albashin shekara na ƙarshe wanda ake lissafin fansho a kansa, da jadawalin da ke faɗin kason da kowace shekara ta cancanta.

Jadawalin da ma'aikatan gwamnati a ƙasar nan suka fi sani shi ne wanda aka gada daga dokar fansho ta 1979 da gyare-gyaren da aka yi mata a farkon shekarun 1990. A cikinsa, wanda ya yi shekara 5 yana da garatuti amma ba shi da fansho. Wanda ya cika shekara 10 yana samun garatuti daidai da albashin shekara guda, wato kashi 100, da fansho kashi 30 na albashinsa. Daga nan kowace shekara tana ƙara kashi 8 a garatuti da kashi 2 a fansho, har zuwa shekara 35, inda garatuti ke kai kashi 300, fansho kuma kashi 80. Da wannan jadawali zan yi misali, domin ya nuna yadda irin wannan lissafi ke tafiya. Wanda ke yanke hukunci a kan malamin Kano shi ne jadawalin da ke cikin dokar jiha, kuma haƙƙin kowane malami ne ya nemi a nuna masa shi a rubuce, ya gwada da nasa lissafin.

A ɗauka malama ce, albashin da ake lissafa mata fansho a kansa naira 120,000 ne a wata. A shekara ya zama 1,440,000. Idan ta cika shekara 35, garatutinta ninki uku ne na wannan, wato 4,320,000. Fanshonta kashi 80 ne, wato 1,152,000 a shekara, ko 96,000 a wata. Idan kuwa shekara 30 aka lissafa mata, garatuti ya sauko zuwa kashi 260, wato 3,744,000, fansho kuma kashi 70, wato 84,000 a wata. A taƙaice, a wannan albashi kowace shekara guda ta aiki tana da nauyin naira 115,200 a garatuti da naira 2,400 a fanshon kowane wata har ƙarshen rayuwa.

Duk ɗan aji shida mai ƙoƙari zai iya wannan lissafi. Inda gizo ke saƙar shi ne a lambobi biyu na farko, domin ba daga bakin malami ake ɗaukar su ba. Daga fayil ake ɗauka.

Inda haƙƙi ke zubewa a cikin fayil

Abu na farko shi ne ranar haihuwa. Mafi yawan malaman da ke dab da ritaya yau an haife su ne a gida, a ƙauyukan da ba a yi rajistar haihuwa, sai daga baya suka je kotu suka yi rantsuwar shekaru. Da yawa suna da rana ɗaya a takardar firamare, wata a fayil ɗin aiki, wata a katin ɗan ƙasa, wata kuma a banki. Muddin ana biyan albashi ba wanda ya damu. Ranar tantancewa ce saɓanin ke tashi. Idan aka tsayar da ranar da ta nuna malami ya wuce lokacin ritayarsa yana aiki, albashin watannin da ya ƙara ana iya ɗaukarsa kuɗin da aka biya bisa kuskure, a cire shi daga garatuti. Mutum ya shiga aji ya koyar, amma a ƙarshe a ce shi ake bi bashi.

Na biyu shi ne ranar kama aiki. Shekarun da malami ya yi yana koyarwa a matsayin ɗan sa-kai, ko na wucin gadi, ko wanda ƙungiyar iyayen yara ke ba wa ɗan alawus, ba sa shiga lissafi sai in an rubuta hakan a takarda. Wannan ya shafi matasan da suka koyar ƙarƙashin shirin BESDA kafin a ba su takardar aiki ta dindindin, kuma ya kamata su san tun yanzu daga wace rana agogonsu ya fara. Haka wanda ya sauya wurin aiki daga wata ƙaramar hukuma zuwa wata, ko daga firamare zuwa sakandare: in ba a haɗe shekarunsa a fayil ɗaya ba, tsofaffin shekarun suna iya ɓata a hanya. Malamai mata suna da ƙarin tarko, domin sunan uba a takardar makaranta da sunan miji a takardar albashi sun isa su tsayar da fayil watanni.

Na uku, kuma mafi tsada, shi ne ƙarin girma. Tunda albashin ƙarshe ake dubawa, ƙarin girman da aka jinkirta, ko aka ba da takardarsa amma bai hau kan albashi ba, yana bin mutum har kabari. A koma ga malamar da muka yi misali da ita. A ce matakin da ta cancanta yana biyan 140,000, amma ta yi ritaya a kan 120,000. Garatutin da ya kamata ya zama 5,040,000 ya tsaya a 4,320,000, an rasa 720,000. Fanshon da ya kamata ya zama 112,000 ya tsaya a 96,000, an rasa 16,000 duk wata. Idan Allah ya ba ta shekara 15 bayan ritaya, asarar fanshon kaɗai ta kai 2,880,000. Malamai kan ɗauki jinkirin ƙarin girma a matsayin damuwar wannan wata. Alhali damuwar tsufa ce gaba ɗaya.

Na huɗu shi ne sanin wane ɓangare na albashi ake lissafawa. Abin da ke shigowa waya ta saƙon banki shi ne ragowar bayan cire haraji, kuɗin ƙungiya, bashin banki da kason fansho. Ba shi ne ma'auni ba. Kuma ba kowane alawus ke shiga lissafin fansho ba. Malamin da bai taɓa riƙe takardar albashinsa mai nuna kowane ɓangare daki-daki ba, ba zai iya kimanta komai ba, komai ƙwarewarsa a lissafi.

Akwai kuma batun shekarun ritaya. A ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba 2020, gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta sanar da ƙara wa malamai wa'adi, a 2022 kuma aka sanya hannu a dokar da ta mai da shi shekara 65 da haihuwa ko shekara 40 a bakin aiki, maimakon 60 da 35. Malamai da yawa sun yi murna, kuma murnar tana da dalili, domin albashi ya fi fansho. Sai dai a tsohon jadawali shekara 35 ce ƙololuwa. Don haka malamin da ke shirin ƙara shekara biyar ya kamata ya samu amsar tambaya biyu a rubuce daga hukumarsa: wace takardar umarni ce ke aiki a kansa, kuma ta yaya shekarun da suka haura 35 za su shiga lissafi? Maganar baki a farfajiyar sakatariya ba ta kare kowa ranar tantancewa.

Lamba ta huɗu, wadda ba ta cikin doka

Ko da fayil ya fita tsaf, saura abu guda da jadawali bai ambata ba: yaushe kuɗin za su iso, kuma me za su iya saya ranar da suka iso.

Tarihin asusun Kano ya isa darasi. A wa'adin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, 2011 zuwa 2015, an zuba kuɗin asusun fansho a harkar gidaje a sababbin unguwannin Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo, lamarin da ya jawo taƙaddama mai tsawo. A shekarun Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, 2015 zuwa 2023, bashin garatuti ya yi ta taruwa, 'yan fansho suna kukan jinkiri da yankan kuɗi. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ce ta gaji bashin garatuti da haƙƙin mamata na sama da naira biliyan 48, ta fara biya da naira biliyan 6 a ƙarshen 2023, ta ci gaba da biya kashi-kashi. Kowane ɓangaren siyasa yana da nasa bayanin a kan wanda ya fi laifi. Ga malamin da ke jira, abin da ya tabbata guda ne: mutane sun yi shekaru suna jiran kuɗin da doka ta ce nasu ne, wasu har suka rasu, magada suka ci gaba da jira.

Jinkiri kuwa yana da farashi, kuma ana iya lissafa shi. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin darajar naira a watan da ya biyo, hauhawar farashi ta yi ta hawa har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar da kashi 34.8 cikin 100 na watan Disambar 2024. Mu sassauta, mu ɗauka farashi yana hawa da kashi 25 duk shekara. Garatutin naira 4,320,000 da aka jinkirta shekara uku, ranar da aka biya shi abin da zai saya bai wuce abin da naira miliyan 2.2 za ta saya ranar ritaya ba. Rabi ya tafi, ba tare da an rage ko kwabo a takarda ba. Wanda ya yi niyyar rufe ɗaki biyu da aurar da 'ya, sai ya zaɓi ɗaya.

Fanshon wata-wata ma haka yake narkewa. Naira 96,000, in farashi yana hawa da kashi 20 a shekara kuma ba a taɓa ta ba, bayan shekara biyar ƙarfinta bai kai na 39,000 ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ya tashi daga 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, zuwa 70,000 a 2024, Kano kuma ta tsayar da nata a 71,000. Duk lokacin da aka yi irin wannan ƙari ba a taɓa fansho ba, tsohon hedimastan da ya yi ritaya shekaru goma da suka wuce yana komawa ƙasa da ɗalibinsa da ya kama aiki jiya. An daɗe a Kano mafi ƙarancin fansho yana naira 5,000, kafin gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗaga shi zuwa 20,000. Ƙarin abin yabo ne. Amma tsawon lokacin da aka ɗauka ana biyan dattijo 5,000 a wata ya nuna abin da ke faruwa idan gyaran fansho ya dogara da ranar da mai mulki ya tuna.

Alhali tsarin mulki bai bar shi ga tunawar kowa ba. Sashe na 210 na kundin 1999 ya ce ba za a riƙe haƙƙin fansho ko garatutin ma'aikacin jiha ko a sauya shi ta hanyar da za ta cutar da shi ba sai bisa doka, ya kuma ce a sake duba fansho duk shekara biyar, ko tare da duk wani gyaran albashi, duk wanda ya riga zuwa. Wannan sashe ya kamata kowane ɗan fansho ya san lambarsa kamar yadda ya san lambar fayil ɗinsa.

Gona ba za ta rufe giɓin ba

Akwai wata magana da ake yawan yi, har a ofisoshi: malamin ƙauye ba ya shiga wahala kamar na birni, ai yana da gona. A Rimin Gado wannan magana tana bukatar a sake auna ta.

Ƙaramar hukumar tana cikin yankin da ke kewaye da birnin Kano, wanda masana irin su Michael Mortimore suka yi shekaru suna nazari saboda yawan jama'arsa da yadda ake noma kowane taƙi na ƙasa duk damina ba hutu. Ƙidayar 2006 ta ba Rimin Gado mutum sama da dubu ɗari, kuma an ƙaru sosai tun daga lokacin. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ne suka raba ta. Ƙasar da ba ta hutawa kuwa ba ta bayarwa sai an ba ta taki, na gida ko na zamani, kuma dukansu kuɗi ne. Birni kuma yana ta matsowa ta hanyar Gwarzo, daga sabon mazaunin Jami'ar Bayero zuwa Janguza zuwa gaba, gonaki suna komawa fulotai, farashin ƙasa yana tashi fiye da ƙarfin garatutin malami.

Gaskiyar ita ce albashin malamin ne yake ɗauke da gonar: da shi ake sayen taki da iri da maganin feshi, da shi ake biyan 'yan ƙwadago. Ranar da albashi ya tsaya, fansho bai fara ba, garatuti bai zo ba, gonar ma tana ja da baya, a daidai shekarun da ƙarfin riƙe fartanya ya ragu, kuɗin magani ya ƙaru, 'ya'ya suke tsakiyar karatu. Ba kuma shi kaɗai abin ke taɓawa ba. A ƙauye, mai albashi shi ne wanda ake bugawa ƙofa idan haihuwa ta zo da gardama ko aka rasa kuɗin jarrabawa. Jinkirin haƙƙin malami ɗaya a Karofin Yashi ko Dugurawa yana girgiza gidaje da dama.

Yara ma suna kallo. Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, ana gina azuzuwa, ana ɗaukar malamai. Amma matashin da ya gama NCE, yana ganin malamin da ya koya masa karatu yana zaryar ofis da tsohon fayil a hammata, ya riga ya yanke shawara a kan ko zai daɗe a wannan aiki. Yadda aka sallami tsohon malami shi ke faɗa wa sabo darajar aikin.

Shin a koma tsarin tarayya?

Wasu na cewa maganin shi ne Kano ta bar asusun bai-ɗaya ta koma asusun kowa da nasa. Hujjarsu tana da ƙarfi: a can ma'aikaci yana ganin abin da ya taru masa, kuɗin suna hannun mai ajiya mai lasisi inda gwamna ba zai iya ɗiba ba, tun 2021 ma akwai asusun da ba ya mu'amala da riba ga mai bukata. Amma tsarin yana ɗora wa ma'aikaci dukan kasadar. Mai ƙaramin albashi abin da zai tara ƙarami ne, hauhawar farashi tana cin ajiyar, kuma can ma idan gwamnati ba ta zuba kasonta ba asusun a bushe yake. Ga malamin firamare, alkawarin kaso sananne na albashin ƙarshe ya fi kwanciyar hankali, in dai ana cika shi.

Maƙwabciyarmu Jigawa ta nuna ana iya cikawa. Tsarinta irin na Kano ne, ana zubi tare, ana biya bisa shekaru da albashi, kuma an daɗe ana misali da ita wajen biyan masu ritaya ba dogon jira. Bambancin yana ga zuba kaso a kan kari da kuma nisanta hannun gwamnati daga asusun. Saboda haka ban ga laifin ginin tsarin Kano ba. Abin da ya rasa shi ne tsaro da bayyana gaskiya.

Ga malaman firamare akwai ƙarin dalilin neman wannan bayani. Albashinsu daga kason ƙananan hukumomi yake fita. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya sa tambayar ta ƙara nauyi: wa ke da alhakin zuba kason mai aiki na malamin Rimin Gado duk wata, kuma wa zai amsa idan ba a zuba ba? A albashin 120,000, bisa tsarin dokar 2006, kason wata naira 30,000 ne, 9,600 daga malami, 20,400 daga mai aiki. Nasa yana fita kafin ya ga albashin. Ya cancanci ya ga shaidar cewa ɗayan ma ya shiga.

Abin da ya kamata a yi

Daga ɓangaren gwamnati, abu biyar nake ganin sun wajaba, kuma babu wanda ya fi ƙarfinta. Hukumar asusun fansho ta riƙa ba kowane ma'aikaci takarda sau ɗaya a shekara, mai nuna ranar haihuwa da ranar kama aikin da ke fayil, matakin albashi, abin da aka cire masa, abin da aka zuba masa, da kimanin abin da zai samu in ya yi ritaya. A buga jadawalin lissafi da Hausa, a liƙa shi a ofishin sakataren ilimi na kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 44. A riƙa wallafa abin da kowace ma'aikata da ƙaramar hukuma ta zuba da abin da ake bin ta. Majalisar Dokokin jiha kuma ta sa wa'adin biyan garatuti a doka, tare da diyya idan aka wuce shi, ta kuma ɗaure gyaran fansho da gyaran albashi kamar yadda sashe na 210 ya tanada. Jerin masu jira ma ya zama a bayyane, bisa ranar ritaya, domin kada sanayya ta shiga gaban wanda ya riga.

Ƙungiyar malamai ta NUT reshen ƙaramar hukuma tana da aikin da ba sai ta jira kowa ba. Zama ɗaya a kowane zangon karatu, a tara waɗanda ya rage musu shekara biyar, a buɗe takardu, a yi lissafin a kan allo, ya isa ya ceci haƙƙin mutane da yawa.

Shi kuma malami, tun yana da sauran shekaru, ya tara takardar kama aiki, ta tabbatarwa, ta kowane ƙarin girma da ta kowane sauyin wurin aiki, ya ajiye kwafi a gida. Ya daidaita ranar haihuwarsa da sunansa a ko'ina. Ya bi ƙarin girmansa har ya gan shi a albashi. Ya sabunta sunan wanda zai karɓi haƙƙinsa in ta Allah ta kasance, ya kuma fahimtar da iyali cewa wannan mutum wakili ne, kuɗin kuwa gado ne da za a raba yadda shari'a ta tsara. Ya guji cin bashi da sunan garatutin da bai san ranar zuwansa ba. Sannan ya yi lissafinsa sau biyu: ɗaya yadda doka ta ce, ɗaya kuma da jinkiri da tsada a ciki. Na farko shi zai nema, bai yafe ko naira ɗaya ba. Da na biyu zai tsara gidansa.

Gwamnatin da ke biyan tsohon bashi ta cancanci a ce mata ta kyauta, kuma muna fatan ta kammala. Amma ma'aunin nasara shi ne a kai ranar da ba za a ƙara tara wani bashin ba, ranar da biyan garatuti zai zama aikin ofis na yau da kullum wanda ba ya bukatar taro. Hanyar zuwa can tana farawa da takarda guda a hannun kowane malami, mai ɗauke da adadin da ake bin gwamnati. Bashin da mai shi ya san yawansa, dubban abokan aikinsa ma suka san nasu, yana da wuyar dannewa.